Kati Huɗu da Yarinyar Bakin Ƙofa

Bayan rasuwar mahaifinmu na tattaro iyalina da komatsaina daga Kaduna na dawo Yelwa, saboda Inna ta rage ita kaɗai a gida, kuma ni ne babba. Na kama shago a layin da ke gangarawa bakin ruwa, tsakanin wani mai walda da masu sayar da bandar kifi. Sana'ata ba ta bukatar zaman birni. Masu gini ke turo mini zanen gidaje ta waya, in mayar musu da shi hoto kamar an riga an gina, sai kuma bidiyon biki da nake yankawa in haɗa. Damuwata ɗaya ce, kwamfutar cinyar da nake aiki da ita ta tsufa. In na ba ta gida mai hawa biyu sai ta wuni tana huci kamar jakin da aka yi wa lodi, wani lokaci ma ta mutu ana dab da gamawa.

Abin da ke ɗaukar nauyin irin wannan aiki shi ne katin girafik. Wani falle ne mai fanka a jiki, ana soka shi a kan bod, wato faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke hawa, shi ke zana abin da ido zai gani a allo. Kati ɗaya yana aiki, amma in ka haɗa da yawa sai su raba aikin kamar 'yan gayya a gona, kowa ya kama kunyarsa, a tashi tare. Tun ina makaranta nake burin haɗa irin wannan inji da hannuna.

Sabbi sun fi ƙarfina, don haka na nemi na hannu. Wani abokin karatuna a Kano ya samo mini guda huɗu a wajen mutanen da suka yi haƙar kuɗin intanet da su har suka gaji. Direban da ke kai albasa shi ya dawo mini da su cikin kwalin taliya, an naɗe kowanne da tsumma. Da na buɗe, warin albasa da ƙauri suka buge ni. Datti ya daskare a fankokin kamar ƙanzo. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, na goge da buroshin haƙori, na kankare tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar kowane kati na shafa sabo.

Babu akwatin kwamfutar da zai ɗauki kati huɗu bai dafa su ba a zafin garinmu. Sai na zana abin da nake so a takardar siminti na kai wa maƙwabcina mai walda. Bakambare ne daga wajen Ngaski, Kirista, ya girme ni nesa ba kusa ba, ga shi da son tsokana. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Injiniya, kai ma bandar kifi za ka buɗe? Wannan ai maragaya ce ta gasa tarwaɗa."

Na ce, "Oga, ka dai yi min, in ta gasu kai za ka fara ci."

Ya ƙera mini keji na ƙarfe mai hawa biyu, bod a ƙasa, katunan rataye a sama kamar an shanya su, iska na ratsawa ta ko'ina. Akwatin wuta ɗaya ba zai ciyar da su ba, sai da na haɗa biyu, na ɗaure su yadda za su tashi tare. Ita kuwa wutar gari ba abin dogaro ba ce. Mu da aka ci ƙasar kakanninmu aka yi dam, mu wuta ta fi yi wa rowa. Na sa farantan sola a kan kwanon shagon da 'yan batura, wanda hakan ya sa injina ya zama ma'aikacin rana. Yana tashi da hantsi, ya kwanta bayan la'asar.

Ranar da na fara kunnawa, kati uku suka amsa, na huɗu ya yi gum. Fankarsa na juyawa, fitilarsa na ci, amma kwamfutar ta ce ba ta san da zamansa ba. Na canja masa gurbi, sai wani daban ya ɓace. Na shiga saitin bod na buɗe abin da ke rufe, na sauke manhajar da ke sa katunan su yi magana da kwamfuta na sake ɗorawa, duk a banza. Na daɗe ina zargin katin, ashe wayar ƙarin da ke ɗaga shi daga bod ce ta karye ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Da na shawo kan wannan, sai ƙananan ƙwarin nan na tafkin dam suka fara cika fankokin, na yanka tsohon gidan sauro na lulluɓe kejin. Wata rana tsaka ta shige ɗaya daga cikin akwatunan wutar, na ji tas, shago ya cika da ƙaurin da ya kori yunwata har washegari, sai da na sayo wani akwatin.

Allunan kuma na same su ne daga wata makarantar koyon kwamfuta da ta rufe. Babu biyu masu kama da juna, wani farinsa ya yi ja, wani ya yi shuɗi. Na kafa huɗu a jere a bango, kowanne da katinsa, na ajiye ƙarami a kan tebur don aikin hannuna. Ranar da duk suka kama lokaci guda, masu wucewa suka riƙa leƙowa suna tambaya ko gidan kallon ƙwallo na buɗe. Gidan da a da yake cinye mini wuni, yanzu kafin in sha fura in wanke kwano ya fito. Na yi farin ciki irin na wanda ya sassaƙa jirgi ya tura shi ruwa bai yi yoyo ba.

A cikin abubuwan da na ɗora wa injin akwai wata manhaja mai gyara tsofaffin hotuna. Na gwada ta a kan hoton wani tsohon soja da iyalansa ke son sa wa a kalanda, ya fito tas har da maɓallan rigarsa. Magana ta zaga gari, ta bi ta bakin mata ta isa gidanmu.

Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Wata safiya ina karyawa ta tsaya daga bayana ta ce, "Kai, an ce wanga inji naka shina tada hoton da yam mutu."

Na ce, "Yana ɗan gyarawa dai, Inna."

Ta juya ta koma madafi.

Inna Bagungiya ce. A tsibiri aka haife ta, cikin tsibiran da ruwan dam ya shanye tun tana ƙarama. An kwaso su an zuba a sababbin gidajen siminti a gaɓa, mahaifiyarta ba ta daɗe a can ba ta rasu, wata gwaggonta ta ɗauko ta zuwa Yelwa ta raine ta har ta aurar da ita ga mahaifinmu. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba daga bakinta na ji rabinsa ba. Ba ta ba mu labarin tsibiri, ba ta yi mana yarensu. Sai in yayanta ya zo, wanda muke kira Kawu, masunci ne a wani ƙauye kusa da Wara, su keɓe a zaure su yi ƙasa da murya, mu ji wani harshe na fita daga bakin uwarmu kamar ba ita ba.

Kawu ne ya bayyana a shagona wata ranar kasuwa, Inna na biye da shi cikin mayafin da take sawa zuwa gaisuwar mutuwa. Ban taɓa ganinta a wannan layin ba. Na shimfiɗa musu tabarma ta ƙi zama, sai da na jawo benci. Kawu ya cire hularsa, ya zaro wata leda daga ciki, a cikin ledar akwai wata ledar, a cikin wannan akwai hoto.

"Shi ɗai na," in ji shi. "Ba ni ba da shi ga kowa, shi ya sa nit taho da kaina."

Hoton bai kai tafin hannuna ba. Wata mace ce tsaye a gaban rumbu, da ɗaurin ƙirji da ɗankwali, hannuwanta a sake kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba. Daga bayanta, gefen dama, ga bukka da bakin ƙofarta baƙi ƙirin. Fuskar matar ba ta fi ƙwayar wake ba, kuma ruwa ya taɓa shiga ɗakin Kawu wata shekara ya jiƙa hoton, ya bar tabo kamar na shayi tun daga goshinta har bakin ƙofar. Kawu ya ce mahaifiyarsu ce, wani mai hoto ne ya ɗauka, cikin mutanen da suka zo tsibirin gab da tashi.

Na yi musu bayani iyakar iyawata. Na ce manhajar ba ta san kowa ba. An nuna mata fuskoki ne masu ɗimbin yawa, in ta tarar da inda hoto ya lalace sai ta cike gurbin da abin da take tsammani. Kawu ya gyaɗa kai irin na wanda ake wa bayanin hanyar da ba shi zai tuƙa motar ba. Inna ta ce, "Yi dai mu gani."

Na ɗauki hoton da na'ura, na ba kowane kati kwafi ɗaya, na ɗan sauya wa kowanne saiti don mu zaɓi wanda ya fi kama. Rana ta take tsaka. Fankokin suka ɗauka gaba ɗaya, gidan sauron ya kumbura ya lafa. Allunan huɗu suka yi fari-fari kamar hazon safe a kan ruwa, sannan a hankali duhu ya fara taruwa inda ya kamata, ga ɗankwali, ga kafaɗa, ga rumbu. Daga ƙarshe fuska.

Mata huɗu ne suka fito. Ɗankwali ɗaya, tsayuwa ɗaya, amma kowace da fuskarta. Ta farko doguwar fuska, ta biyu mai kumatu, ta uku kamar za ta yi murmushi, ta huɗu da wani irin ido na wadda aka yi wa laifi. Dukkansu kyawawa, fatarsu sumul kamar 'yan talla.

Inna ta tashi. Ta fara daga allon hagu, ta tsaya, ta matsa na biyu, har ta kai ƙarshe, ta sake dawowa. Ta ɗaga hannu kamar za ta taɓa ta uku, ta fasa.

"Ina tsagenta?" ta tambaya.

Na ce injin ya ɗauka tabo ne ya goge, amma in ta faɗa mini yadda yake zan mayar da hannuna. Ta ja yatsa daga ƙarƙashin idonta zuwa gefen baki. Kawu ya ce a'a, bai kai baki ba, a tsakiyar kumatu ya tsaya. Ta ce ita da ake goyawa ta fi shi sani. Ya ce shi da ya girme ta fa? Suka juya zuwa yarensu, murya na hawa, kowa na zana tasa fuskar da yatsa. Na zauna riƙe da linzamin kwamfuta ban san wanda zan bi ba.

Ana cikin haka mai walda ya leƙo, yadda ya saba zuwa shan ruwan randata da rana. Ya gaida su, ya ɗebi ruwa, ya tsaya yana kallon bango da moɗa a hannu.

"Ita kuma wannan 'yar fa," ya ce, "ta wa ce?"

Dukkanmu fuskar matar muke kallo, babu wanda ya kai ido baya. A cikin duhun bakin ƙofar bukkar, daidai tsawon ƙugun babba, akwai fuskar yarinya. Rabin jikinta a ɓoye, hannu ɗaya a jikin ƙofa. Na dubi allo na biyu, tana nan. Na uku, na huɗu, tana nan. Matan huɗu ba su yarda da juna a kan komai ba, amma yarinyar ɗaya ce a duk allunan, goshi ɗaya, ɗan ƙaramin haɓa ɗaya. Idonta ba a kan mai hoto yake ba, gefe take kallo.

Kawu ya yi salati ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba ma. Mai walda ya dube su ya dube ni, ya ajiye moɗar a hankali ya fita.

Na yi ƙoƙarin sauƙaƙa abin. Na ce, "Inna, ko ke ce? Wataƙila kina tsaye a wurin, ruwa ya rufe ki."

Ta girgiza kai ba tare da ta juyo ba. "Ni ina gefen mai hoto, ni ar riƙe da lemarshi. Can nike tsaye." Ta nuna wajen da idon yarinyar ke kallo, wajen da babu komai sai bangon shagona da wayoyi. "Mu biyu anka haifa."

Ranar na fara jin cewa uwata tagwai ce. Kawu ne ya ƙarasa labarin, yana kallon ƙasa. Ƙyanda ce ta shigo tsibirin a ranin da ya gabaci tashinsu. Ta kama su su biyun a kan tabarma ɗaya, Inna ta tashi, 'yar'uwarta ba ta tashi ba. An binne ta a bayan wannan rumbun da ke cikin hoton. Da jiragen kwasar mutane suka zo, an ɗauki tukwane da awaki da turame, ba a ɗauki kabari ba. Ya ce lokacin da mai hoton ya zo, ƙasar kabarin ta riga ta bushe. Wannan kam ba ya shakka, don shi ya yi ta kai ƙaya yana rufewa saboda karnuka.

Da suka tafi na sa asalin hoton a ƙarƙashin gilashin da nake duba ƙananan wayoyi da shi. Babu yarinya. Tabon ruwa ne, da ɗigo uku masu duhu, biyu a sama ɗaya a ƙasa. Na san yadda abin yake. An koya wa manhajar farautar fuska, duk inda ta ga ɗigo biyu da na uku a ƙarƙashinsu sai ta ce ga mutum. Katunan huɗu manhaja ɗaya suke gudanarwa, ba abin mamaki ba ne su faɗa rami ɗaya. Zan iya tsayawa gaban aji in yi wannan bayani ba tare da na yi tuntuɓe ba.

Duk da haka na sake gwadawa. Na cire katunan na bar ɗaya, ta fito. Na mayar da su na canja manhaja, ba ta fito ba, bakin ƙofar ya zama baƙi wuluk, sai na ga ya fi ba ni tsoro a haka, kamar ɗakin da aka fita daga cikinsa yanzun nan. Na koma ta farkon, ga ta, da hannunta a jikin ƙofa. Rana tsaka ce, ana buga guduma a shagon maƙwabcina, mata na cinikin kifi a waje, amma na kasa juya wa bangon baya. Na kashe allunan na yi aikina a kan ƙaramin na tebur.

Inna ta fara zuwa shagon. Da hantsi, in ta gama aikin gida, sai in ga inuwarta a ƙofa. Ba ta gaisuwa mai tsawo. Ta zauna a benci ta ce, "Sa min." In ina da aikin mutane, sai in bar kati uku suna yi, in ba ta allo ɗaya. Gidajen masu kuɗin Abuja na tashi a alluna uku da tagoginsu na gilashi, a na huɗun kuma ga bukka. Da farko duk hoton nake sa mata, daga baya ta ce in matso da ƙofar kawai. In na faɗaɗa sosai fuskar takan fashe ta zama 'yan murabba'ai, sai ta ce in ja baya kaɗan, nan, tsaya nan.

A kan wannan bencin na ji abin da ban ji ba tun haihuwata. Yadda suke ban ruwan albasa da ƙwarya su biyu, ɗaya na ɗebowa ɗaya na zubawa. Yadda 'yar'uwar ke tsoron kwaɗi amma ba ta tsoron zurfi. Yadda uwarsu ke ɗaura wa ɗaya zare a hannu don baƙi su bambance su, su kuma su koma bayan ɗaki su musanya. Tana faɗa tana kallon allo, ba ni ba, kamar mai tuna wa wani abin da su biyu suka sani.

Wata rana na ce, "Inna, kin san fa ba ita ba ce. Injin ne ya ƙirƙira."

"Na sani," ta ce. "Ba ka hwaɗa ba tun ran farko?" Fankoki na ta juyawa. "Ita ban da abin da zan gwada ta da shi. Ba mu da madubi can. Huskarta ita ta madubina, tawa kuma nata. Da tat tahi, ban san kamar da muke da ita ba."

Can kuma ta ƙara da wata maganar, ita ce ta fi zauna mini. Ta ce a da in ta rufe ido tana ganin mahaifiyarta, ko da dishi-dishi ne. Yanzu in ta rufe, matan nan huɗu ke zuwa, su jeru, ta rasa ta bayansu. Ba da faɗa ta faɗa ba, yadda mutum zai ce gwiwarsa ta fara ciwo haka ta faɗe shi. Washegari kuma ta dawo ta ce in sa mata.

Da ruwa ya ja baya a wannan shekarar, ta ce in kai ta wajen Kawu. Mun hau mota zuwa Wara, daga can muka ƙarasa a babur. Kawu bai tambaye ta abin da ya kawo ta ba. Ya zuba mai a injin jirginsa, ya shimfiɗa mata buhu a tsakiya, muka tura.

Tafkin ya yi kwance kamar faranti. Mun wuce masunta masu jefa birgi, mun wuce wani babban jirgi cike da mutane da buhuna da babura yana tsallakawa, sannan muka shiga inda babu kowa. Nan da can kawunan matattun itatuwa sun leƙo daga ruwa, baƙaƙe, tsuntsaye na zaune a kansu. Kawu na ratsa su a hankali, don su ne ke fasa jirage. Yana duban gaɓa, ya dubi wani dutse a can nesa, ya dubi kututturan, yana gyara akala. Ya kai wani wuri ya kewaya, ya koma baya kaɗan, sannan ya kashe injin.

"Nan na," ya ce. Ya sake duban dutsen. "Ko nan, ko gaba kaɗan."

Na leƙa. Ruwa ne mai launin kunun kanwa, ko tafin hannunka ka nutsa ba ka gani. Babu abin da ya raba wurin da sauran tafkin. Na yi ƙoƙarin in ajiye rumbu da bukka a ƙarƙashinmu, in ce ga inda mai hoto ya tsaya, abin ya ƙi zama.

Inna ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa tare. Sai ta sunkuya ta sa hannunta cikin ruwan har wuyan hannu, ta fara magana da yarensu. Ba da ƙaramar muryar zaure ba, da cikakkiyar murya, irin wadda ake kiran wanda ke tsallaken gona. Ta daɗe tana yi. Wani wuri muryar ta karye, wani wuri ta yi kamar tana faɗa. Kawu ya sa baki sau ɗaya, ta ba shi amsa, sai ga su duka biyu suna dariya, tsofaffi biyu a tsakiyar ruwa, hawaye na bin fuskar Kawu yana shiga gemunsa. Ni kaɗai ne a jirgin ban san abin da aka ce ba.

A hanyar dawowa, injin na ruri, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Matan nan huɗu, ka sallame su."

Na ce, "Ita yarinyar fa?"

Ta gyara mayafinta ta juya tana kallon ruwa. Ban sake tambaya ba.

Na goge matan. Yarinyar na yanke ta na ajiye a wani lungu na injin da ba na shiga. Inna ba ta ƙara taka shagon ba, ba ta kuma tambaye ni hoton ba ko sau ɗaya. Masu kawo tsofaffin hotuna ba su daina zuwa ba, ina yi musu, sai dai kafin in kunna nakan tambaye su ko akwai mai rai da ya san fuskar, in kuma akwai, ya yi tunani kafin ya kalla. Waɗansu sukan yi dariya, waɗansu su mayar da hotonsu aljihu.

Matata ce ta fara lura da abin da ya sauya a gida. Ta ce in rana ta yi, Inna na tsince shinkafa ko tana gyaran kifi a madafi, sai ta ji ta tana magana da yaren nan ita kaɗai. Ban ɗauki abin da nauyi ba sai ranar da na dawo cin abincin rana na ji da kunnena. Na tsaya a bayan katangar madafin. Takan yi magana, ta yi shiru daidai tsawon amsar mutum, sannan ta ci gaba. Lafiyarta ƙalau, sallarta ba ta wuce ta, ba ta manta sunan jikokinta ko inda ta ajiye mabuɗi. Ta ma fi da sakin fuska.

Akwai wata 'yar gajeriyar magana da take yawan maimaitawa, har na haddace sautinta ban san ma'anarta ba. Da Kawu ya zo kasuwa na ja shi gefe na faɗa masa, da karkataccen harshena. Ya sa na sake faɗa. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Ba wata magana ba ta," ya ce. "Cewa take, ci mana, kar shi huce."